Inabin teku: ana iya noma shi a tanki? Kuma me ya sa firji ke lalata shi?

Mai_Tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman bayani a kan ciyawar tekun nan da ake kira inabin teku, mai ƙananan ƙwayoyi kore da ke fashewa a baki kamar ƙwan kifi. Shin mutum zai iya noma shi a tanki idan ya haɗa ruwa da gishirin girki? Na biyu, an ce ba a sa shi a firji, alhali duk wani ganye sanyi ne ke adana shi. Mene ne dalili? Kuma yaya ake cinsa?

Ruwan_Gishiri:
Wa alaikumus salam. Da farko a bambance, domin abu biyu ke amsa wannan suna. Akwai wata bishiya a gaɓar tekun Karibiyan, Coccoloba uvifera, mai 'ya'ya kamar inabi. Ba ita kake nufi ba. Naka shi ne Caulerpa lentillifera, wanda Jafanawan Okinawa ke kira umibudo, mutanen Filifin su ce lato, a Biyetnam kuma rong nho.

Abin da za ka riƙe, malam, shi ne duk tsiron nan, daga yaɗonsa har ƙwayoyinsa, ƙwayar halitta ɗaya ce tak. Babu bango a cikinsa da ya raba wani sashe da wani. Jaka ce guda cike da ruwa, fatarta siririya. Duk abin da ya taɓa ruwan da ke kewaye da shi, da sauri yake shafarsa.

Gishirin girki ba zai yi ba. Ruwan teku na ɗauke da magnesiyam, kalsiyam, fotasiyam da wasu ma'adanai da gishirin girki ba shi da su. Ko dai ruwan teku na ainihi da aka tace, ko garin gishirin da ake haɗa wa masu kiwon kifin teku a akwatin gilashi. Ana son gram 30 zuwa 35 a kowace lita, kuma da na'urar auna gishiri ake dubawa, ba da harshe ba. In ya sauka ƙasa da 25, tsiron zai fara laushi yana narkewa. Zafin ruwa digiri 25 zuwa 30. Ƙasa da 20 girma ya tsaya.

A tanki, hanyar Okinawa ake bi. A shimfiɗa irin a kan faffadar raga mai firam, a ɗora wata ragar a sama a ɗaure, ya zama irin yana tsakiya ba ya yawo. A nutsa firam ɗin cikin ruwa, a sa famfon iska don ruwan ya riƙa motsi a hankali. Zangarniyoyin za su leƙo ta ramukan ragar su miƙe sama. Kwana 30 zuwa 40 ya isa girbi lokacin ɗumi, idan sun kai santimita 5 zuwa 10. A rufe saman tankin da ragar inuwa, domin rana mai ƙarfi tana kodar da shi ya koma rawaya, duhu kuma yana sa ya yi tsawo ƙwayoyin su yi tazara.

Kududdufi_7:
Bayanin ɗan'uwa ya yi, amma kada mai tambaya ya ɗauka tanki ne asalin sana'ar. A kududdufi aka fara, a tsibirin Mactan na lardin Cebu a Filifin, tun shekarun 1950, cikin tafkunan kiwon kifi. Har yau ita ce hanya mafi arha ga wanda ke bakin teku.

Ana rage ruwan tafkin, a danna dunƙule-dunƙulen iri cikin laka, tazarar rabin mita zuwa mita ɗaya, sannan a maido ruwa ya kai zurfin santimita 50 zuwa 80. Ana canja wani kaso na ruwan duk bayan kwana uku ko huɗu, da taimakon cikar teku da janyewarsa. Girbin farko sai bayan kamar wata biyu, kuma ba a kwashewa duka, ana barin kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya zama iri.

Babban abokin gaba shi ne ruwan sama. Ruwan daɗi ya fi na gishiri rashin nauyi, sai ya kwanta a saman tafkin, in aka bar shi ya gauraya gishiri ya faɗi, gona ta tafi cikin kwanaki kaɗan. Shi ya sa ake yin magudanar da ke zubar da ruwan da ke saman tafkin da zarar an ɗauke ruwa, kuma ba a haƙa tafkin kusa da bakin kogi. Taki kuma da hankali. In ya yi yawa, wata gansakuka mai kama da zare ce za ta riga shi ci, ta nannaɗe zangarniyoyin, kuma da hannu ake tsince ta.

Akwai wata alama da ya kamata a sani. Idan tsiron ya wahala, wani lokaci yakan juye duk abin da ke cikinsa ya zama ƙwayoyin haihuwa ya zubar a ruwa. Za a wayi gari ruwan ya yi kore ya gurɓace, tsiron ya koma fari fat kamar leda. Wanda ya yi fari ba ya dawowa. A cire shi, a canja ruwa da gaggawa.

Mai_Tambaya:
Allah ya ƙara sani. Saura batun firji da ci.

Uwar_Madafa:
Ƙanena, tsiron ƙasashen zafi ne, kuma da ransa yake isowa faranti. Sanyin firji, digiri 4 ko 5, yana lalata fatar nan siririya, ruwan ciki ya tsiyaye, ƙwayoyin su yamutse. Ko an fito da shi ba zai sake kumbura yadda yake ba. A bar shi cikin mazubinsa a rufe, a ɗaki mai ɗumin digiri 20 zuwa 27, nesa da rana da iskar na'urar sanyaya ɗaki. Zai yi kamar mako guda. Wanda aka girbe da kyau ya fi daɗewa, domin manoma kan mayar da shi cikin tsabtataccen ruwan teku mai motsi na 'yan kwanaki kafin sayarwa, don wurin da aka tsinke ya toshe. In aka tsallake wannan mataki, ta bakin raunin yake zubar da ruwansa.

Wajen ci, a ɗebi iya wanda za a ci a lokacin, a ɗauraye shi sama-sama a ruwan sanyi, a tsane. Kada a jiƙa ɗanye ya daɗe. Ba a dafa shi, wuta tana sa ya yi laushi tiɓis. Kuma ba a zuba masa miya a kai. Ruwan khal, lemun tsami ko soya sos, duk suna janye ruwan cikinsa cikin 'yan mintoci. A Okinawa ana ajiye ponzu, wato soya sos mai ruwan lemu, a ɗan kwano daban, ana tsomawa ana kaiwa baki. A Filifin ana haɗa shi da tumatir da albasa, sai an zauna ci ake sa khal ɗin.

Wanda ake sayarwa a ƙunshe cikin ruwan gishiri mai kauri, galibi daga Biyetnam, dokarsa daban ce. Zai zo a motse kamar zare. A zuba shi cikin kwano mai ruwa da yawa, minti uku zai kumbura, a zubar da ruwan a sake jiƙa shi minti uku a ruwan ƙanƙara don gishiri da ƙarni su ragu. Da zarar ya kumbura sai a ci, ba ya jiran gobe.

Ruwan_Gishiri:
Ƙarin abu biyu. Ciyawar teku tana zuƙar abin da ke cikin ruwanta, har da ƙarafa masu guba, kuma wannan ɗanye ake ci, don haka wanda aka tsinto kusa da tashar jiragen ruwa ko bakin magudanar gari ba na ci ba ne. Sannan duk wanda ke noma shi a tanki kada ya zubar da ragowarsa a teku. Ɗan guntu kaɗan ya isa ya tsiro. 'Yar'uwarsa Caulerpa taxifolia an fara ganinta a tekun Bahar Rum kusa da Monako a 1984, daga baya ta mamaye gaɓar ƙasashe da dama. A shanya ragowar ta bushe ƙayau, ko a daskarar da ita a firiza kwana ɗaya, kafin a jefa a shara.