Ana iya ba kwamfuta umarni da maganar yau da kullum?

Ɗan Agege:
Salamu alaikum jama'a. Wata huɗu ke nan ina koyon gyaran kwamfuta a Computer Village da ke Ikeja. Idan Windows ta ƙi tashi, maigidana yakan soka filashin Ubuntu (wata manhajar tafiyar da kwamfuta ce kamar Windows), ya buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni, ya kwashe wa kwastoma kayansa cikin minti goma. Ni kuwa na cika ɗan littafi da umarni, ina bita a cikin danfo safe da yamma, amma da na kuskure harafi ɗaya sai ta ƙi. Abin ya dame ni ƙwarai. Babu yadda zan rubuta mata buƙatata kai tsaye, ko da Hausa?

Baƙanon Idi-Araba:
Wa alaikumus salam ƙanena. Akwai. Warp, wata manhajar rubuta umarni mai AI, na yi, Copilot, mataimakin AI na GitHub, ma na yi, kuma ko ChatGPT ka tambaya zai rubuto maka. Kwamfutar dai umarninta ta sani, su tafinta ne kawai a tsakani. Jiya na rubuta "nemo min hotunan jpg da suka wuce megabait 5", aka ba ni find . -name "*.jpg" -size +5M. Suna jin Hausa, sai dai ka bar sunan fayil yadda yake. Kuma suna bukatar data. Ranar da babu sabis, man da --help, masu nuna bayanin kowane umarni, suna nan cikin na'urar.

Uwar Biyu, Obalende:
Ɗana, don Allah ka karanta kafin ka danna Enter. Bara na nemi umarnin dd, mai kwafe abu a kan faifai ya shafe abin da ke ciki, don in zuba Ubuntu a filashi. An ba ni da sdb a ciki a matsayin sunan filashin, ban duba ba, ashe sdb ɗin faifan wata baiwar Allah ne da na jona. Hotunan bikin 'yarta suka tafi. Ta zauna a kan bencin shagona tana share hawaye da gefen mayafi, har yau abin yana cina. Tafintan bai ga teburina ba, ni ce ya kamata in buga lsblk, mai jero faifan da ke jone, in tantance. Haka rm mai goge fayil, ba ta da kwandon shara.

Ɗan Agege:
Allah sarki Mama, Allah ya kiyaye gaba. Na gode Yaya. Akwai tsohuwar kwamfuta a ƙarƙashin kantarmu da babu kayan kowa a ciki, gobe zan roƙi oga ya bar ni in fara gwaji a kanta.