Na gyara gida don sayarwa, amma takardar mallaka ta tsayar da ciniki

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masana harkar filaye da gidaje. Bara na sayi wani tsohon gida a Kano daga hannun magada, aka rubuta takardar ciniki a gaban mai unguwa da shaidu. Na kankare filastar da danshi ya cinye har bulo ya bayyana, na canza rufin kwanon da ke yoyo a kan zaure, na shimfiɗa tayil, kuma kusan duk jarina ya shige cikin aikin.

Yanzu na sami mai saye, amma lauyansa ya ce ba za su biya ba sai an mayar da takardar shaidar mallaka da sunana, domin har yanzu sunan marigayin ne a kanta, kuma dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta wajabta samun amincewar gwamna kafin a sauya mallaka. Babbar damuwata ita ce ɗaya daga cikin magadan yana Saudiyya, bai sa hannu ba lokacin ciniki.

Shin takardar rabon gado daga kotun shari'a za ta wadatar, ko kuwa dole ne ya aiko da wakilci a rubuce? Don Allah wanda ya taɓa bin wannan hanya ya taimaka mini.