Miya ba nama ba sharmut (busasshen nama) a wannan kharif ɗin (damina), ya kuke yi?

Maman Ikram, Gadarif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah a taimaka min da shawara. Tun da yaƙin nan na Sudan ya fara a 2023 gidanmu ya cika, yayar maigida da yaranta sun taso daga Khartum suna wajenmu, baki ya yi yawa nama kuma baya sayuwa sai ranar Juma'a in Allah ya hore. Yanzu ga kharif ya sauka kasuwa cike take da ganye, lalo ne, rigla (ganyen fasa-ƙaba) ce, ɗanyar kuɓewa ce, tafasa kam ko a bayan gida ta fito, amma tumatir yayi tsada sosai. Damuwata in nayi miya ba nama ba sharmut sai yaran suyi loma biyu su tsame hannu wai ba daɗi, kuma wallahi abin yana ci min rai dan ina ganin ramar da ƙananan suke yi. Me zan riƙa sawa miyar tayi ƙarfi ta kuma riƙe musu ciki?

Inna Mai Wurno:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ba ku ladan riƙon zumunci. Ai mu da ganyen nan aka raine mu, nama sai da sallah ko suna. Abu na farko albasa, yawancinku gaggawa kuke mata. Ki yanka da yawa ki soya a man riɗi a wuta kaɗan har tayi ja sosai amma kar ta ƙone, tunda ke kina Gadarif gidan riɗi ai baki da matsalar mai. Daga nan ki zuba ruwa ki dama dakwa (markaɗaɗɗiyar gyaɗa) cokali biyu ko uku a ciki, gyaɗar nan ita ke tsayawa a madadin romo.

Sai tafasar da kika ce ta fito miki a bayan gida, kar ki raina ta. Ki tsinki saman mai taushi tun bata yi fure ba, ki dafa ki matse ruwan, ki kwaɗanta da dakwa da albasa da yaji da ɗan lemun tsami, yara suna cin wannan da rana su ƙoshi. In kuma tayi yawa kiyi kawal irin na mutanen Darfur. Ana daka ɗanyen ganyen ne yayi laushi a danna shi a cikin tulu a rufe bakin da ganyen dawa a liƙe da laka, a binne tulun a ƙasa a inuwa, duk bayan kwana uku a buɗe a juya da hannu, in yayi kamar sati biyu sai a fitar a dunƙula ƙanana a shanya a rana ya bushe yayi baƙi. Warinsa da ƙarfi ba ƙarya, hannu ma sai ya kwana yana yi, amma ɗan ƙanƙani in kika daka kika sa a miyar weka (busasshiyar kuɓewa) ba wanda zai tambaye ki nama. Aikin daddawa yake yi sak, kuma yana ajiyuwa har rani.

Ummu Walid, Kassala:
Inna ta gama magana, sai dai kawal ba kowane yaro ke so ba musamman waɗanda suka tashi a Khartum, ki fara da kaɗan. Ni abin da ya cece ni rigla da adas (ƙananan 'ya'ya dangin wake, wato lentil) ne. Ki wanke riglar sau da yawa dan ƙasa tana maƙalewa a jikinta lokacin ruwa, ki yanka, ki dafa jan adas kofi ɗaya a cikin soyayyar albasar nan har ya narke sannan ki zuba riglar, tafarnuwa da kasbara (kayan ƙamshin miya, wato coriander) a ƙarshe. Adas ɗin ne ke sa ta tayi kauri, da kisra (siririyar wainar dawa) ko da burodi duk tana tafiya. Maganar tumatir kuma ki daina wahalar da kanki dashi a kharif, ba lokacinsa bane. In sanyi ya shigo wajen Disamba da Janairu zai faɗi warwas, a lokacin zaki saya da yawa ki yanka ki barbaɗa gishiri ki shanya, haka albasa ma, ki daka ki ajiye a kwalba. Mu nan haka muke yi duk shekara da na sawagi, wato gonakin ban-ruwa. A sanyin ne kuma zaki more aswad (baƙin yalo) da jirjir (ganyen salat) da kabewa.

Abu Hamza:
Hajiya Maman Ikram ni namiji ne amma ni ke cefane, ki bari in sa baki. Wake fa? Banga an ambace shi ba kuma shi ne naman talaka tun can. Maiɗakina tana jiƙa shi ta surfe ta cire bawon ta dafa ya farfashe sannan ta kaɗa lalo a kai da maburgi, miyar tana fitowa da nauyi, da asida (tuwo) kam yara basa ragewa. Roƙona ɗaya a rage kanwa, wasu suna zubawa har lalon yayi baƙi yana ɗaci a wuya wai dan yauƙi, ɗan tsinke ya isa, kuma kar a rufe tukunya bayan an zuba ganyen.

Maman Ikram, Gadarif:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya, na gode ƙwarai. Yau da rana na gwada rigla da adas ɗin Ummu Walid, na tsaya a kan albasar kamar yadda Inna tace har maigida yana tambaya me ake soyawa, tukunyar kam an kankare ta tas. Gobe wake da lalo insha Allahu. Inna tambaya ɗaya, bani da tulun ƙasa sai babban zir ɗin ruwa, zan iya yin kawal ɗin a roba mai murfi?

Inna Mai Wurno:
A'a 'yata kar ki sa a roba, ruwan da yake fitarwa ba inda zai bi sai ya jagwalgwale miki. Ki nemi ƙaramin tulu wajen masu tukwane, ko tsoho mai tsaga a baki ma zai yi, kuma ki hanzarta kafin tafasar ta fara 'ya'ya ganyen ya tsufa.