Idan otal ya rufe wa masu gidaje ƙofa: shawarwarin da aka tattara

A jihar Florida ta Amurka akwai unguwannin da mazaunansu ke biyan otal ɗin shaƙatawa kuɗi don shiga wurin ninƙaya da filin golf. Rigima kan tashi idan otal ya canza hannu, sabon mai shi ya hana masu gidajen shiga. Tambayar ita ce: me ya kamata su yi?

Yawancin masu shawara sun ce ƙungiyar masu gidajen ta fara duba rajistar filaye ta gunduma, kuma nan ne gizo ke saƙar. In an rubuta haƙƙin shiga wuraren a can, yakan bi filin har kan sabon mai shi; in izini ne kawai, ana iya janyewa. An kuma gargaɗe su kada fushi ya sa su daina biya, don laifin saɓa yarjejeniya zai iya dawowa kansu. Su ga lauya da wuri: wa'adin ƙara kan rubutacciyar yarjejeniya a Florida shekara 5 ne.