Me ya sa kafafen labarai a Amurka suke horar da 'yan sakandare a hutun bazara?

Maman Biyu:
Assalamu alaikum. Muna zaune a unguwar Bronx da ke birnin New York, kuma 'yata tana aji na 11, wato ajin da ke gab da na ƙarshe a sakandare. Malamarta ta ba ta shawarar ta nemi gurbi a horon aikin jarida da ake yi wa 'yan sakandare a lokacin dogon hutun bazara, har ta ce wasu shirye-shiryen kyauta ne domin kafafen labarai da gidauniyoyi ne suke ɗaukar nauyinsu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wace riba gidan jarida yake samu idan ya kashe kuɗi a kan yarinyar da ba ta ko gama sakandare ba? Kuma me ake koya musu a 'yan kwanakin horon?

Tsohon Edita:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Al'adar ta daɗe. A 1958 ne editocin jaridar Wall Street Journal suka kafa gidauniyar da yanzu ake kira Dow Jones News Fund, saboda damuwar da suke da ita cewa matasa masu hazaƙa ba sa shiga aikin. Lamarin ya ƙara ƙarfi bayan 1968, lokacin da kwamitin Kerner, wanda Shugaba Lyndon Johnson ya naɗa ya binciki tarzomar da ta ɓarke a biranen Amurka, ya bayyana cewa baƙaƙen fata ba su kai kashi 5 cikin 100 na masu aikin labarai a ƙasar ba, kuma ya zargi jaridu da kallon al'umma da idon fararen fata kawai. Tun daga nan gidajen jarida suka gane cewa idan suna so a samu wakilai daga unguwannin da aka yi watsi da su, to jiran jami'a ya yi latti, dole a kama yaro tun yana sakandare.

Game da abin da ake koyarwa, ba zaman sauraron lacca ba ne. Za a tura yarinya ta yi hira da mutumin da ba ta taɓa gani ba, ta tambaye shi yadda ake rubuta sunansa harafi bayan harafi, ta dawo ta rubuta labarin kafin wa'adi. Daga nan edita zai zauna kusa da ita, ya ɗora yatsa a kan jimla ɗaya ya ce, "Wa ya faɗa miki wannan?" Idan ba ta da amsa, jimlar ta fita. A ganina wannan tambayar ita ce mafi amfani cikin duk abin da za ta koyo.

Ɗan Zongo:
Ranka ya daɗe, ban musanta tarihin ba, amma ya kamata Hajiya ta ji ɗaya ɓangaren. Cibiyar bincike ta Pew ta nuna cewa ma'aikatan ɗakunan labarai na jaridun Amurka sun ragu daga kusan 71,000 a 2008 zuwa kusan 31,000 a 2020. Masana'antar da take sallamar mutane haka, ba na jin daidai ne a kwaɗaita wa yara ita ba tare da an gaya musu gaskiyar halin da take ciki ba. Sannan ba kowane shiri ne kyauta ba. Akwai waɗanda ake biyan dubban daloli, sunan babbar jarida ko jami'a kawai ake sayar wa iyaye.

Malama Mai Alli:
Maganar Ɗan Zongo a kan kuɗi gaskiya ce, shi ya sa nake ba iyaye shawarar su fara tambayar wanda yake biya da wanda zai koyar. Shirin jami'ar Princeton, wanda tsofaffin editocin jaridar ɗalibanta suka fara a 2002, an ware shi ne domin 'yan aji 11 daga gidaje masu ƙaramin ƙarfi, ba a karɓar ko sisi, kuma bayan horon ana taimaka wa ɗaliban wajen cike takardun neman shiga jami'a. Haka nan shirin JCamp na ƙungiyar 'yan jarida Amurkawa 'yan asalin Asiya, wanda aka fara a 2001, yana karɓar ɗalibai daga kowace ƙabila da launin fata. Batun ƙarancin aiki kuwa bai tayar mini da hankali sosai ba, domin yawancin ɗaliban da na sani sun halarci irin wannan horo sun koma karatun lauya ko likitanci ne, sai dai sun fi takwarorinsu iya rubutu da yin tambaya. Hajiya, a lura cewa wasu shirye-shiryen suna rufe karɓar takardun nema tun cikin hunturu, kuma galibi sukan buƙaci samfurin rubutu da wasiƙar shaida daga malami.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Saura batun masauki, domin mahaifinta ba zai amince ta kwana a wani gari ba sai ya san wanda zai kula da su da yadda za a yi da abinci na halal, don haka zan rubuta wa masu shirin in tambaya kafin ta cike fom.