Zan haɗa Python 3.12 daga source, ku ba ni shawara

Sabon_Dalibi: Salam 'yan uwa. Ina kan Ubuntu 20.04, Python 3.8 ne ya zo da shi, aikin da aka ba ni kuma 3.12 yake so. Na sauke source ɗin, yanzu na tsaya a kan ./configure. In saka --enable-optimizations (zaɓin da ke sa Python ɗin ya fi sauri) ko in bar shi? RAM ɗina 4GB ne.

Mai_Linux: Wa alaikumus salam. Kafin komai ka saka build-essential, libssl-dev, zlib1g-dev da libffi-dev. In babu libssl-dev zai haɗu lafiya lau amma pip, mai sauko da packages na Python, ba zai iya sauko maka da komai ba.

Abu_Hanif: Ka koma Docker (manhajar da ke gudanar da software a keɓe) kawai ka huta ɗan uwa.

Sabon_Dalibi: Ba Docker na tambaya ba malam.

Tsohon_Hannu: Ƙanina ni dai ka ji abin da ya same ni. Na saka --prefix=/usr (wato inda za a girka shi) na buga sudo make install ban san ya hau kan python3 na system ba, ina kashe kwamfutar na kunna terminal ya ƙi buɗewa, apt, mai girka manhajoji, kuma sai kukan apt_pkg yake min, ga aikin mutane a ciki ana jira na, dare biyu ban runtsa ba, ƙarshe sai da na kwashe fayil ɗina a filas na sake saka Ubuntu gaba ɗaya. Wallahi har yau abin na min ciwo. Make altinstall za ka yi, shi ba ya hawa kan python3 na system, prefix ɗin kuma kar ka taɓa shi, ka bar shi a /usr/local.

Mai_Linux: Optimizations ɗin ka saka, minti 15 ya ɗaukar min da make -j8, wato ayyuka takwas a lokaci ɗaya.

Ummu_Sadik: Minti 15 a ina? Nawa ya kusa awa biyu, ai sai ya haɗa, ya gudanar da gwaje-gwaje, ya sake haɗawa. Kai injinka babba ne, kar ka sa yaro ya buga -j8 da 4GB.

Mai_Linux: Hajiya na daɗe ina wannan harkar fa.

Ummu_Sadik: Daɗewarka ba za ta ƙara masa RAM ba, -j2 ya ishe shi.

Abu_Hanif: Ka dai riƙe laptop ɗin da kyau, fanka na fara kuka sai ta tashi sama 😂

Tsohon_Hannu: Ni abin da ke ƙona min rai ma masu rubuta README ne, su ce maka configure, make, shi kenan, ba za su lissafa abin da ake buƙata ba sai ka ci karo da error ɗaya bayan ɗaya.

Sabon_Dalibi: To in saka ko kar in saka?