Fawa mai wat 300 za ta ɗauki faifan ajiya huɗu?

Mai ɗaukar hoton biki, Daura: Assalamu alaikum. Kwamfutata tana da faifan ajiya biyu, kuma ina so in ƙara biyu saboda bidiyon bukukuwa sun cika ta, amma wani ya ce mini fawa mai wat 300, wato akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, ba za ta ɗauka ba. Shin haka ne?

Mai gyara, Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam, Malam. Wanda ya faɗa maka bai yi lissafi ba. Babban faifai mai inci 3.5 ba ya cin fiye da wat 6 zuwa 9 yana cikin aiki, saboda haka guda huɗu ba su kai wat 40 ba.

Malamin lantarki, Ƙofar Marusa: Injiniya, lissafinka daidai ne, sai dai ka tsallake lokacin tashi. A daƙiƙun farko bayan kunnawa, injin kowane faifai yana jan kusan amfiya 2 daga layin bolt 12, wato wajen wat 24, kuma duka huɗun tare suke tashi. Shi ya sa wata kwamfutar take kunnuwa, faifai ya yi ƙas-ƙas, ya ƙi bayyana.

Mai gyara: Na yarda, ranka ya daɗe, amma ko an haɗa bai kai wat 100 ba. Idan takardar jikin fawar ta nuna amfiya 18 a layin bolt 12, wat 216 ke nan, kuma firosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) mai wat 65, idan babu katin hoto (katin da ke sarrafa hoton allo), za ta bar sarari mai yawa.

Malamin lantarki: To, matuƙar takardar ta faɗi gaskiya. Fawa marar suna da ta shekara biyar tana shan zafin Afrilu da ƙurar hunturu, ga wutar janareto mai hawa da sauka, ba ta ba da abin da aka rubuta mata. Abin da ya fi damuna ma shi ne wayar da ake jonawa daga Molex (tsohon nau'in kan wuta na fawa) zuwa SATA (kan wutar da ake sa wa faifai) idan kawunan ba su isa ba, domin mai arha irin wadda aka narka wa roba a kai tana iya ƙonewa.

Mai gyara: A kan wayar ba ni da ja, don na taɓa cire wadda ta narke a shagona. Malam, ka buɗe murfin ka ɗauko mana hoton takardar, sannan ka ƙirga kawunan SATA da suka rage.

Mai ɗaukar hoto: Na duba yanzu. Amfiya 17 aka rubuta, amma kai ɗaya kawai ya rage.